Yadda za ka binciki taurari da baƙin rami da bayanan Gaia, Hubble da Webb daga kan kwamfutarka

Hotunan nan masu ɗaukar ido da ake yaɗawa daga madubin hangen nesa na Hubble da na James Webb, ba haka suke isowa duniya ba. Abin da na'urar take aikowa lambobi ne zalla. Kowane ɗigo na hoton yana ɗauke da adadin hasken da ya faɗo masa, babu ja babu shuɗi, sai wani ya zauna gaban kwamfuta ya jera su ya ba su launi. Kuma lambobin nan ba a kulle suke ba. Hukumar NASA ta Amurka da takwararta ta Turai, ESA, suna zuba su a rumbunan intanet da kowa zai iya shiga ya ɗiba kyauta. Masanin da ya nemi a duba masa wani abu akan ba shi ɗan lokaci, yawanci bai wuce shekara ɗaya ba, ya yi aikinsa shi kaɗai, daga nan a buɗe wa kowa. Hubble tun Afrilun 1990 yake sama yana tarawa, Webb kuma an harba shi ranar 25 ga Disamba 2021.

Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, amsata ɗaya ce: kada ka fara da hoto, fara da awo. Hoto yana da daɗin kallo, amma idan ka fara da shi za ka ɓata makonni kana gyaran launi ba ka san abin da kake kallo ba. Ranar da ka auna nisan tauraro da hannunka, daga ranar kallon da kake yi wa hotunan ma zai canja.

Kayan aikin ba su da yawa. Kwamfuta madaidaiciya, intanet, da manhajoji biyu na kyauta: TOPCAT don jadawalin lambobi, da SAOImage DS9 don buɗe hotunan. Waya ba za ta yi wannan aikin ba. Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, da rumbunsa na Astropy suna da amfani ƙwarai, amma bar su sai nan gaba.

Fara da Kaza da 'Ya'yanta

Gaia madubi ne na Turai da aka harba a Disambar 2013, ya yi aiki har farkon 2025. Bai yi suna da hotuna ba, aikinsa shi ne auna inda kowane tauraro yake, da yadda yake gusawa, da ƙarfin haskensa. Kundin da aka fitar a Yunin 2022 yana ɗauke da taurari wajen biliyan 1.8.

Ga dabarar auna nisan. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka buɗe shi ka rufe ɗayan. Za ka ga yatsan yana tsalle a kan abin da ke bayansa, kuma idan ka matso da shi kusa da fuska tsallen ya ƙaru. Haka Gaia ya riƙa yi yayin da yake bin duniya tana kewaya rana: ya kalli tauraro daga wannan gefen, bayan wata shida ya kalle shi daga wancan. Tauraron da ke kusa ya fi gusawa. Wannan ɗan gusawar ita ce aka rubuta a jadawali da sunan parallax, kuma ma'auninta ƙarami ne har ya ɓaci, kashi ɗaya cikin miliyan 3.6 na digiri guda.

Shiga shafin Gaia Archive na ESA. A gurbin bincike rubuta Pleiades, sunan da kundin ya san Kaza da 'Ya'yanta da shi. Sa faɗin da'irar binciken ya kai digiri 2. Cikin jerin ginshiƙai zaɓi guda biyar: parallax, pmra, pmdec, phot_g_mean_mag da bp_rp. Ƙara sharaɗi cewa parallax ya wuce 5, in ba haka ba taurarin da ke can baya da nisa za su cika maka jadawali. Duba kuma iyakar yawan sakamakon da shafin ya sa, ka ɗaga ta, don kada ya yanke maka rabi ba ka sani ba. Sauke fayil ɗin ka buɗe a TOPCAT.

Zanen farko, sa pmra a kwance, pmdec a tsaye. Waɗannan biyun suna nuna inda tauraro ya dosa a sararin sama da saurinsa. Za ka ga ɗigo warwatse ko'ina, kowa ya kama gabansa, amma a wuri ɗaya, kusa da 20 a kwance da 45 ƙasa da sifiri a tsaye, akwai dunƙule mai kauri. Su ne 'yan gungun. Tare aka haife su daga gajimaren iskar gas guda, tare suke tafiya har yau. Ido yana ganin shida ko bakwai, amma a nan za ka ƙirga ɗaruruwa, har su doshi dubu. Zagaye dunƙulen da linzami ka ware shi daban.

Yanzu duba parallax ɗinsu. Yawanci suna kusa da 7.4. Raba 1000 da wannan lambar, za ka samu wajen 135, wato nisan a ma'aunin fasek. Fasek ɗaya shekarar haske 3.26 ne, shekarar haske kuwa ita ce nisan da haske yake ci a shekara ɗaya, don haka gungun yana nisan shekarar haske kusan 440. Kada ka raina wannan lissafin. Tauraron ɗan'adam na Hipparcos, wanda ya yi irin wannan aiki tsakanin 1989 da 1993, ya ba da kusan fasek 120, sauran hanyoyin awo kuma suka tsaya a kan wajen 135. Shekara da shekaru masana suna ja-in-ja a kai, domin idan Hipparcos ne da gaskiya, to akwai gyara a fahimtar yadda taurari suke haskawa. Bayanan Gaia suka zo suka goyi bayan 135, kuma su ne a gabanka.

Zane na biyu shi na fi so a duk wannan harka. Sa bp_rp a kwance, wato launin tauraro, ƙaramar lamba shuɗi, babba ja. Sa phot_g_mean_mag a tsaye, amma ka juya shi kai ƙasa, domin a wannan tsohon ma'aunin ƙaramar lamba ita ce mai haske, kuma tazarar 5 tana nufin ninki 100 na haske. 'Yan gungun za su jeru a siririn layi daga sama hagu zuwa ƙasa dama. Na sama shuɗaye ne masu zafi da nauyi, na ƙasa jajaye ne ƙanana marasa haske. Wannan shi ne zanen da Ejnar Hertzsprung da Henry Norris Russell suka fito da shi a farkon shekarun 1910. Manyan taurari su ne suke fara cinye makamashinsu su bar layin, saboda haka inda layin ya lanƙwashe daga sama yana gaya maka shekarun gungu. Kaza yarinya ce, shekarunta wajen miliyan 100, layinta kusan cikakke ne. Sake yin aikin da gungun M67, mai shekara kusan biliyan 4, ka ga yadda saman layin ya karye ya karkata dama. Sai dai M67 ya fi nisa sosai, dole ka sassauta sharaɗin parallax ɗin da ka sa.

Sannan hoto

Bayanan Hubble da Webb suna rumbun MAST, wanda cibiyar kula da madubin sararin samaniya da ke Baltimore take riƙewa. Shawarata ka fara da M74, ana kuma kiranta NGC 628. Galaksi ce, wato tarin biliyoyin taurari, mai hannuwa a murɗe da ta fuskance mu sosai, nisanta wajen shekarar haske miliyan 32. Rubuta sunan a gurbin bincike, a gefen hagu ka tace: madubin JWST (wato Webb), na'urar MIRI (ɗaya daga cikin na'urorinsa na ɗaukar hoto), matakin gyara na 3. Na ce MIRI ne saboda fayilolinta sun fi sauƙin saukewa. Na NIRCam wani lokaci fayil ɗaya yakan haura gigabait.

Za ka tarar da fayiloli barkatai, kada su ruɗa ka. Dubi ƙarshen sunan. Wanda ya ƙare da uncal ɗanye ne, ba naka ba ne tukuna. Wanda kake nema shi ne mai i2d, an riga an gyara shi an haɗa sassansa. A wajen Hubble kuwa nemi drz ko drc. Duk suna cikin tsarin da ake kira FITS.

Sunan matacin haske ma karanta shi ake yi. F770W yana nufin hasken da tsawon zangonsa maikiron 7.7 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), W ɗin kuma mataci mai faɗi. Idan ka ga N siriri ne, an yi shi don kama hasken wani sinadari guda, kamar F656N na Hubble da ke kama hasken haidirojin. Idon mutum yana tsayawa ne wajen maikiron 0.7, Webb kuwa yana gani daga 0.6 har zuwa wajen 28. Wato kusan duk abin da yake ɗauka idonka ba zai taɓa ganinsa ba. Don M74 ɗauki uku: F770W, F1130W da F2100W.

Da ka buɗe fayil a DS9, abin da za ka fara gani baƙi ne wuluk da 'yan ɗigon fari. A nan mutane da yawa suke zaton fayil ya lalace su rufe. Lafiyarsa ƙalau. Matsalar ita ce wuri mafi haske a hoton ya ninka mafi duhu sau dubbai, allon kwamfuta kuwa matakan haske 256 kawai yake nunawa a kowane launi. Je wurin Scale ka zaɓi zscale, sannan ka gwada log da asinh. Riƙe maɓallin dama na linzami ka ja a kan hoton, hasken zai riƙa sauyawa. Sannu a hankali hannuwan galaksin za su fito, amma ba irin waɗanda ka saba gani a hoton Hubble ba. A can ƙura duhu ce da take tare hasken taurari. A nan ƙurar ce da kanta take haskawa, zare-zare, cike da ramuka da kumfa inda sababbin taurari da waɗanda suka fashe suka ture ta gefe. Tsaya a nan ka daɗe. Ɗora linzami a kan wuri mai haske da wuri mai duhu ka karanta lambobin da ke fitowa a sama. Su ne ainihin bayanin, hoton fassararsu ce kawai.

Haɗa launi ba wuya. Buɗe sabon firam na RGB, sa mafi tsawon zango a ja, na tsakiya a kore, mafi gajarta a shuɗi, ka daidaita kowane daban. Wannan ƙa'idar ce masu haɗa hotunan hukuma ma suke bi. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa launin hotunan Webb ƙarya ne. Zaɓi ne mai tsari, kuma kowane launi yana nuna wani abu da aka auna. Judy Schmidt, wadda ba ta da digirin ilimin taurari, da irin waɗannan fayilolin na rumbu ta yi suna, har hukumomin suka riƙa fitar da hotunan da ta haɗa.

Kafin ka rufe, buɗe Header na fayil ɗin. A nan aka rubuta ranar ɗauka, tsawon lokacin da aka bar ido a buɗe, da lambar shirin binciken. Kwafe su ka ajiye tare da hotonka.

Baƙin rami

Ba wanda zai nuna maka baƙin rami a hoton Hubble ko na Webb, domin wuri ne da nauyi ya cunkushe har ƙarfin jansa ya hana ko haske fita daga cikinsa. Hoton farko na inuwar baƙin rami, zoben nan mai ruwan wuta na Afrilun 2019, ma ba daga sama aka ɗauko shi ba, tarin na'urorin rediyo ne a doron ƙasa aka haɗa. Abin da ake nema shi ne ɓarnar da ramin yake yi wa maƙwabtansa.

Alama mafi sauƙin gani tana galaksin M87, nisan shekarar haske miliyan 55, inda ramin ya kai nauyin rana biliyan 6.5. Sauke hoton Hubble na tsakiyarta daga MAST. A wannan karon kada ka ƙara haske, rage shi za ka yi, har hasken taurarin ya ja baya. Za ka ga wani siririn tsiri ya fito daga cibiya, mai ƙulli-ƙulli, tsawonsa dubban shekarun haske. Heber Curtis ne ya fara lura da shi a 1918, ba tare da ya san mene ne ba. Abu ne da ake harbowa daga kewayen ramin da gudun da ya kusa na haske. Da aka gwada hotunan Hubble na shekaru daban-daban a shekarun 1990, sai aka ga wasu ƙullin kamar suna gudu ninki shida na haske. Ba su karya doka ba, ruɗin ido ne da ke faruwa idan abu mai irin wannan gudu ya doso wajenmu kusan kai tsaye. Bayan haka buɗe ESASky, taswirar sama ta ESA, a burauza, rubuta M87, ka sauya daga hasken ido zuwa hoton Chandra, madubin da aka harba a Yulin 1999 don ganin hasken eksire. Tsirin yana nan, wannan karon tare da iskar gas mai zafin miliyoyin digiri da ke kewaye.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi ita ce nauyi, kuma lissafinta ba ya buƙatar kwamfuta. Dokar Kepler ce. Idan abu yana kewaya wani, ɗauki matsakaicin nisan da ke tsakaninsu a ma'aunin tazarar duniya da rana, ka ninka shi da kansa sau uku. Ɗauki tsawon zagaye ɗaya a shekaru, ka ninka shi da kansa sau biyu. Raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne jimillar nauyinsu a ma'aunin rana.

Gwada da Gaia BH1, wanda Kareem El-Badry da abokan aikinsa suka gano a 2022 cikin kundin nan da ka yi aiki da shi ɗazu. Tauraro ne mai kama da ranarmu, nisan shekarar haske wajen 1,560, aka ga yana layi a sama kamar wani abu yana jansa. Zagayensa kwana 186 ne, kusan shekara 0.51, tazarar kuma wajen 1.4. To 1.4 × 1.4 × 1.4 ya ba da 2.74, 0.51 × 0.51 ya ba da 0.26. Raba su, ka samu kusan 10.5. Cire nauyin tauraron, wanda bai cika rana ɗaya ba, saura tara da wani abu. Tauraron da ya kai nauyin rana tara da haskensa ya dushe na abokinsa gaba ɗaya, amma babu komai a wurin. A Afrilun 2024 aka sanar da Gaia BH3 ta wannan hanyar, shi kuma nauyin rana 33.

Sake gwadawa da tsakiyar galaksinmu. Tauraron S2 yana zagaye cikin shekara 16, tazararsa kusan 1,000 a ma'aunin tazarar duniya da rana. Biliyan ɗaya a raba da 256, ya ba da kusan miliyan 4. Wannan awon da madubai na ƙasa aka yi shi, a Hawai da Cile, kuma shi ya kai Reinhard Genzel da Andrea Ghez ga kyautar Nobel ta 2020.

Ga ramukan da ke can nesa, inda ba a iya ware tauraro ɗaya, bakan haske ake karantawa. Ana baza hasken kamar bakan gizo, kowane sinadari ya bar layinsa a wurin da aka sani. Jan layin haidirojin yana nanomita 656.3 (nanomita 1,000 ne maikiron ɗaya). Idan ka same shi a 760, cire 656.3, ka raba abin da ya rage da 656.3, za ka samu 0.158. Wannan ita ce lambar 3C 273, wanda Maarten Schmidt ya warware bakansa a 1963 ya gane cewa abin da ake ɗauka tauraro ne yana nisan fiye da shekarar haske biliyan biyu. Faɗaɗar sararin samaniya ce take miƙe hasken. A galaksin da lambarta ta kai 6, wannan layin ya koma maikiron 4.6, kuma dalilin gina Webb don ganin irin wannan hasken ke nan. Bayan wurin layin, dubi faɗinsa. Siriri yana nuna gas mai tafiya a natse. Idan gindinsa ya baje, gas ne mai gudun dubban kilomita a daƙiƙa, kuma abin da ke iya juya shi haka yawanci baƙin rami ne. Fayilolin bakan Webb suna ƙarewa da x1d, manhajar Jdaviz tana buɗe su, a nan ne kuma Python zai fara yi maka rana.

Kafin ka ce ka gano wani abu

Zai faru, ko ba jima ko ba daɗe. Za ka ga wani ɗigo ko zobe da ba ka gani a hoton hukuma ba, zuciya ta fara bugawa. Yawancin lokaci na'urar ce. Tauraro mai haske a hoton Webb yana da manyan ƙahoni shida da ƙanana biyu, saboda madubinsa mai faɗin mita 6.5 an haɗa shi ne da sassa 18 masu kusurwa shida, ga kuma sandunan da ke riƙe da ƙaramin madubi. Na Hubble huɗu ne. Baƙin ɗigo a tsakiyar tauraro mai haske ba baƙin rami ba ne, wurin ne ya cika da haske har ya kasa ƙirgawa. Ɗigo mai kaifi da ya bayyana a fayil ɗaya kawai, galibi ƙwayar zarra ce mai gudu ta bugi na'urar. Abin gaske yana fitowa a mataci fiye da ɗaya, ko a hotunan ranaku daban-daban, a wuri guda.

Idan ya tsallake wannan, kwafi lambobin matsayinsa daga DS9 ka zuba a SIMBAD, kundin da ake riƙewa a Strasbourg ta Faransa, da kuma kundin NED na NASA idan galaksi ce. Sau da yawa za ka tarar yana da suna tun kafin a haife ka, har da jerin takardun da aka rubuta a kansa. Karanta su a ADS ko arXiv, rumbunan takardun bincike na intanet, kyauta ne. Ko ba ka fahimci lissafin ba, karanta taƙaitawar farko da bayanin da ke ƙarƙashin zane-zanen.

Wani lokaci kuma ba ya cikin kowane kundi. A 2007 wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holan, Hanny van Arkel, tana taya aikin rarraba hotuna a shirin Galaxy Zoo, ta ga wani dunƙule kusa da galaksin IC 2497 ta tambaya mene ne. Daga baya Hubble ya duba shi, aka fahimci gajimaren gas ne da hasken kewayen wani baƙin rami ya haska, ramin kuma ya riga ya lafa. Irin waɗannan shirye-shiryen suna nan a dandalin Zooniverse, kuma akwai masana a zaurukan tattaunawarsu. Idan za ka kai musu tambaya, haɗa da lambobin matsayin abin, sunan fayil, matacin da aka yi amfani da shi, da irin ma'aunin hasken da ka sa a DS9.